Bishiyar Galar: Rigimar Hoto da Sabon Salo a Wasannin Tara Dodanni

Wasan tara dodanni reshe ne na wasannin bidiyo wanda ɗan wasa ke yawo a wata ƙirƙirarriyar ƙasa yana kama halittu, ya yi renonsu, ya haɗa su faɗa da na wasu, ya kuma yi musayarsu da abokai. Ba Pokémon ne ya assasa shi ba. Tun a 1987 wasan Megami Tensei ya bai wa ɗan wasa damar lallashin aljanun da ya ci karo da su har su koma ɓangarensa, a 1992 kuma Dragon Quest V ya bar dodon da aka kayar ya nemi shiga ayarin wanda ya kayar da shi. Sai dai Pokémon ne ya mamaye fagen har sunansa ya kusa zama sunan reshen baki ɗaya. Shi ya sa muhawarar masoya kan kyan hoto da ƙirƙira a wannan fanni takan fara da shi, ta kewaya, ta sake dawowa kansa.

Kamfanin Game Freak na birnin Tokiyo ya fitar da Pokémon na farko, Red da Green, ranar 27 ga Fabrairu, 1996, a kan Game Boy, na'urar da a lokacin ta kusa shekara bakwai a kasuwa. Allonta ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, launinta huɗu kacal, daga mai haske zuwa mai duhu. A shekarar da PlayStation da Nintendo 64 ke nuna wa duniya hoto mai zurfi da kauri, sai ga wasan da dodanninsa 151 ba sa ko motsa gaɓa a fagen faɗa. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro shi, ya taso yana kamun ƙwari a Machida, kuma abin da ya so ya dawo wa yara da shi shi ne daɗin nema da samu da musaya. Wayar da ke haɗa Game Boy biyu ita ce ginshiƙin dabararsa. Zubin farko ya sayar da kwafi sama da miliyan 31. Tun ran gini tun ran zane: ba hoto ne ya ɗaga Pokémon ba, kuma daga nan masu kare kamfanin a yau suke ɗauko hujjarsu ta farko.

Shekara ashirin da ɗoriya manyan wasannin jerin suka yi a kan na'urorin hannu, daga Game Boy zuwa Game Boy Advance, DS da 3DS. Wannan ya zame musu garkuwa. Ba wanda ke tsammanin ƙaramin allo ya yi gogayya da talabijin, zanen ɗige-ɗige kuma yana da wata baiwa, domin abin da ya gaza nunawa zuciyar mai kallo ce ke ƙarasa shi. Tsofaffin masoya da yawa suna ɗaukar Black da White na 2010 a matsayin ƙololuwar wannan salo, saboda a nan ne dodanni suka shiga motsi ba tsayawa a fagen faɗa. Gunaguni mai ƙarfi na farko ya taso a 2013, lokacin da X da Y suka koma siffa mai kauri wadda ake iya gani ta kowace fuska. An yi ƙorafin launuka sun koɗe, wasu dodanni masu fiffike sun zama kamar an rataye su da zare, faɗa kuma yakan yi nauyi idan allo ya cika. Aka haƙura, aka ce 3DS ce ba ta da ƙarfi.

Nintendo Switch, wadda ta fito ranar 3 ga Maris, 2017, ita ta yaye garkuwar. Na'ura ce ɗaya da ake riƙewa a hannu a kuma jona ta da talabijin, ta kuma zo rana ɗaya da The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wasan da mutum ke hango dutse can nesa ya taka har ya hau kansa. Daga ranar masoyan Pokémon suka sami ma'auni. Farashi ma ya tashi: wasan da ake saye dala 40 a kan 3DS ya koma dala 60. Wanda aka ƙara wa kuɗi kuwa yakan ƙara duba kaya.

Wutar ta kama a watan Yunin 2019, a baje kolin E3 na birnin Los Angeles. Junichi Masuda, ɗaya daga cikin jigogin Game Freak, ya sanar da cewa a Sword da Shield masu zuwa ba dukkan tsofaffin dodanni ne za a iya shigo da su ba. A lokacin yawansu ya haura 800, wasan kuma ya fito da 400 a kundinsa. Dalilan da aka bayar su ne yawan ya yi yawa, ana so a daidaita ƙarfin dodanni a faɗa, ana kuma so a kyautata siffa da motsi daidai da sabuwar na'ura. Da yake ƙasar wasan, Galar, an kwaikwayo ta ne daga Birtaniya, a daidai lokacin da Birtaniyar ke fama da ficewa daga Tarayyar Turai, sai masoya suka raɗa wa abin suna Dexit.

Dalili na uku shi ne ya jawo wa kamfanin bala'i. Kafin wannan rana, mai sukar hoton Pokémon tsiraru ne ke sauraronsa. Da kamfanin da bakinsa ya ce an rage dodanni domin hoto ya yi kyau, sai ya miƙa wa kowa sandar dukansa. Aka shiga bin kowane bidiyon talla ana tsayar da shi ana ƙare masa kallo. A nan aka ci karo da wata bishiya a filin da ake kira Wild Area, mai ɓawo kamar an shafa laka, aka jera ta kusa da bishiyoyin Ocarina of Time na 1998, aka ce a nemo bambanci. An kuma yaɗa hoton wani dodo yana kai harin da sunansa ke nufin shuri biyu, amma maimakon shuri sai ya yi ɗan tsalle a inda yake. Daf da fitowar wasan, masu tonon cikin manhaja suka nuna ƙwarangwal ɗin dodanni da dama ya yi daidai da na zamanin 3DS, alhali an fahimci wata hira da aka fassara daga Japananci a kan cewa sabon gini aka yi daga tushe. An yi ta jayayya kan ingancin fassarar, amma zargin ƙarya ya riga ya zauna.

Ba a kan bishiyar gizo ke saƙar ba. Tun daga Ruby da Sapphire na 2002 akwai wata sarƙa da ba ta taɓa tsinkewa ba: dodon da yaro ya kama a Game Boy Advance ana iya haurawa da shi DS, daga nan 3DS, har ya iso Sun da Moon na 2016 da sunan da aka raɗa masa da tarihin inda aka kama shi. Mai kiwon tattabaru ya san wannan irin shaƙuwa. Baƙo yana ganin garke ne kawai, mai su kuwa ya san wadda ya fara saye da wadda ta taɓa ɓata ta dawo. Abin da aka taɓa a 2019 ke nan. Mutum ba zai iya kafa hujja da shaƙuwa ba, za a ce masa ya cika son banza, amma bishiya kowa na iya ganinta. Don haka hoto ya zama harshen da ake faɗin wani ciwo dabam. Ƙarin da aka sayar a 2020, Isle of Armor da Crown Tundra, ya dawo da tsofaffin dodanni sama da 200, amma tsarin rage kundi ya zauna daram a duk wasannin da suka biyo baya.

Kasuwa ba ta bi masu fushi ba. Sword da Shield sun fito ranar 15 ga Nuwamba, 2019, suka sayar da kwafi miliyan 6 a makon farko, daga baya suka haura miliyan 26. Daga nan sansani biyu suka kafu. Ɗaya na cewa yaro ɗan shekara tara da ya sami Pikachu bai damu da ɓawon bishiya ba, kuma don shi aka yi wasan. Ɗayan na cewa kamfanin da ya fi kowa samun kuɗi a fannin bai kamata ya zama mafi sakaci ba, yara ma sun cancanci aiki mai kyau.

Abin da ke hana muhawarar ci gaba shi ne abu uku ake kira da suna ɗaya. Akwai salon zane, wato zaɓin launi da siffa da yanayi, wanda ra'ayi ne, kowa da abin da ke burge shi. Akwai yawan ɗigo da kaifin hoto, wanda ya rataya a kan ƙarfin na'ura. Sai kuma ingancin aiki: shin wasan na tafiya sumul ko yana sarƙewa, ƙasa na riƙe ƙafar ɗan wasa ko yana zurmawa cikinta. Mai kare Pokémon yakan amsa na farko da na biyu, ya ce ba kowane wasa ne sai ya yi kama da fim ba, kuma gaskiyarsa ce. Amma mafi nauyin ƙorafin yana kan na uku, wanda ba batun ɗanɗano ba ne. Ana iya musu a kan ko shuɗiyar riga ta fi fara, ba a musu a kan ɗinkin da ya warware.

Scarlet da Violet, waɗanda suka fito ranar 18 ga Nuwamba, 2022, su ne suka fito da wannan bambanci fili. Su ne na farko a jerin da suka buɗe ƙasarsu gaba ɗaya, Paldea, wadda aka kwaikwayo daga Sifaniya da Fotugal, ɗan wasa ya nufi inda ya ga dama. Wannan shi ne abin da aka shekara biyar ana roƙo. Ya zo, amma a wane hali? Wasan bidiyo yakan jera hotuna da sauri don ido ya ga motsi, 30 a daƙiƙa shi ne abin da aka saba ɗauka mafi ƙaranci, wannan kuwa yakan faɗo ƙasa da haka a wurare da dama, musamman a kan tafkin Casseroya. Fankar iska ta garin Artazon, idan aka hango ta daga nesa, tana juyawa ne da tsalle-tsalle kamar hannun agogo. Ɗalibai a aji suna karkaɗa ƙafa a ƙage. Mutane da dodanni suna ɓullowa kwatsam ƴan taku kaɗan daga ɗan wasa, kyamara na kutsawa ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci wasan ya rufe kansa. A farkon Disamba Nintendo ya fitar da faci tare da ba da haƙuri, abin da ba a saba ji daga gare shi ba. Makin da masu sharhi suka ba wasan a shafin Metacritic ya tsaya wajen 72 bisa 100, mafi ƙasa a manyan wasannin jerin. Duk da haka kwafi miliyan 10 aka saya a kwana uku, adadin da Nintendo ya ce babu wasan da ya taɓa kaiwa a kan na'urorinsa cikin wannan ɗan lokaci.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne Switch ta tsufa. Akwai ƙamshin gaskiya, domin ƙwaƙwalwarta, Tegra X1 ta kamfanin Nvidia, ƙirar 2015 ce, an yi ta ne don na'urorin tafi-da-gidanka. Da Switch 2 ta fito a Yunin 2025 aka kuma yi wa Scarlet da Violet gyara kyauta, wasan ya koma gudu da hotuna 60 a daƙiƙa, dodanni suka cika fili, mutane da yawa suka ce yanzu ne suka ga abin da aka yi niyya. Amma uzurin bai kai inda ake son kai shi ba. A kan tsohuwar na'urar dai Xenoblade Chronicles 3 ya fito wata huɗu kafin Scarlet da Violet, da filaye masu faɗi da halittu birjik. Tears of the Kingdom ya biyo baya a Mayun 2023, inda ake faɗowa daga tsibiran sama har ƙarƙashin ƙasa ba tare da allo ya yanke ba. Kai, New Pokémon Snap na 2021, wanda Bandai Namco ya gina, ya nuna dodannin nan dai a daji da teku cikin kyan da babu babban wasan Pokémon da ya kama ƙafarsa, ko da yake a kan tsayayyar hanya ake tafiya a cikinsa, wanda ya fi sauƙin ginawa nesa ba kusa ba. Ƙarfin Switch 2 ya rufe aibin ne, bai nuna cewa babu shi ba.

Bayanin da ya fi gamsarwa yana jikin kalanda. Sun da Moon sun fito a Nuwamban 2016, Ultra Sun da Ultra Moon a Nuwamban 2017, Let's Go a Nuwamban 2018, Sword da Shield a Nuwamban 2019, ƙari biyu a 2020. Daga Nuwamban 2021 zuwa Nuwamban 2022 kuwa manyan wasanni uku aka saki: Brilliant Diamond da Shining Pearl, wanda aka ba kamfanin ILCA kwangilarsa, sai Legends: Arceus, sai Scarlet da Violet, biyun ƙarshe duka daga Game Freak, wata goma tsakani. Zelda kuwa shekara shida ya yi tsakanin wasanninsa biyu na Switch. Dalilin wannan gudu shi ne wasan ba shi kaɗai yake tafiya ba. The Pokémon Company, wanda Nintendo da Game Freak da Creatures suka mallaka tare, yana juya katin wasa da zane mai motsi na talabijin da ƴartsana da tufafi da gasar duniya, dukkansu kuma suna jiran sababbin dodanni su fito kafin su motsa. Katunan zubin Paldea sun shiga kasuwar Japan a Janairun 2023, sabon shirin talabijin ya fara a Afrilu. Jinkirta wasan da shekara guda na nufin tsayar da dukan ayarin.

Halin ya yi kama da na tela a jajibirin salla. Ba rashin iya ɗinki ne matsalarsa ba, ranar ce ba ta ɗaguwa, ya kuma karɓi kaya fiye da kekensa. Ran idi kowa zai sa rigarsa, sai dai wani zai tarar da zare na reto, wani aljihu a karkace. Kuma baɗi wurinsa za a koma.

Adalci ya wajaba a yi wa Game Freak ta wani ɓangare. Ma'aikatansa kimanin 200 ne, adadin da bai kai rabin na manyan ɗakunan da ake gwada shi da su ba, ko da yake yana samun taimako daga waje, musamman daga Creatures wajen gina jikin dodanni. Yawan dodannin yanzu ya kai 1,025, kowanne da tafiyarsa da gudunsa da barcinsa da faɗuwarsa, wasu da siffa fiye da ɗaya. Babu wani wasa da ke ɗauke da irin wannan kaya. Amma ƙanƙantar kamfani zaɓi ne, ba ƙaddara ba, musamman ga wanda kuɗi ba su ne damuwarsa ba. Wanda ya zaɓi ya zauna ƙarami, ya kuma zaɓi ya gina buɗaɗɗiyar duniya a shekara uku, shi ya haɗa wa kansa lissafin da ba ya fita.

Ɓangare na biyu na muhawarar shi ne zargin rashin sabon abu, kuma nan ne masu suka suka fi rauni. Gaskiya ne ƙashin wasan ya daɗe bai sauya ba: yaro ya bar gida, ya zaɓi ɗaya daga dodanni uku na wuta da ruwa da ciyawa, ya ci zaurukan karawa takwas, ya tarwatsa wata ƙungiyar miyagu, ya zama zakara. Gaskiya ne kuma kowane zubi tun 2013 yakan zo da wata ƙawa da ake yar da ita daga baya: Mega a 2013, Z-Move a 2016, Dynamax a 2019, Terastal a 2022. Amma a ƙarƙashin wannan, tsarin faɗan ya yi zurfi matuƙa. An fara da jinsi 15, aka koma 17 a 1999, 18 a 2013. A 2002 aka ba kowane dodo baiwa ta musamman da ɗabi'a, aka kawo faɗan biyu-da-biyu wanda a kansa ake gasar duniya har yau. A 2006 aka sake raba hare-hare zuwa na jiki da na tsafi bisa yanayin kowane hari, sauyin da ya juya darajar ɗaruruwan dodanni. Irin wannan ba ya fitowa a hoton talla, shi ya sa ba a lissafa shi.

Akwai kuma tarihin yadda masoya da kansu suka karɓi sauyi. Black da White sun hana amfani da ko tsohon dodo ɗaya har sai an gama labari, suka kawo sababbi 156, aka yi ta yi musu ba'a saboda dodon da ya yi kama da jakar shara da wanda ya yi kama da askirim. Yau su ne ake kuka da kewa. Mafi ban sha'awa shi ne Legends: Arceus na Janairun 2022. Tsaunukansa fayau suke, ruwansa kamar leda, ciyawarsa tsilli-tsilli, an kuma soke shi a kan haka. Amma ya bar ɗan wasa ya laɓe a ciyawa ya jefi dodo da ƙwallo ba tare da an shiga faɗa ba, dodo ma na iya kai wa mutum hari shi kansa. Masu sharhi suka ba shi maki sama da na Sword da Shield, masoya da yawa kuma suna kiransa mafi daɗin Pokémon a shekaru goma. Wasannin da suka fi ƙarfin halin gwada sabon abu su ne suka fi muni a ido, domin lokacin da ke akwai bai isa a yi duka biyun ba. Mai neman sabon salo da tsabtataccen hoto a kalandar nan yana neman a ba shi kaza da ƙwanta a farashi ɗaya.

Ana cikin haka Palworld ya faɗo ranar 19 ga Janairu, 2024, daga wani ƙaramin kamfanin Tokiyo mai suna Pocketpair. Dodanni ne masu kama da na zane mai motsi a cikin duniyar da aka gina da injin Unreal, mai inuwa da hasken rana da ciyawa mai kaɗawa, ana ba su bindiga, ana sa su aikin gona da ma'adinai da masana'anta. Ya sayar da kwafi miliyan 5 a kwana uku, miliyan 8 kafin mako ya cika, a dandalin Steam kuma mutum sama da miliyan 2 suka taɓa kasancewa cikinsa a lokaci ɗaya, adadin da a lokacin wasan PUBG kaɗai ya wuce. Masu jin haushin Game Freak suka ɗauke shi tuta. Sai dai kwatancen bai zauna daidai ba. Palworld a kan kwamfuta da Xbox ya fito, ba a kan Switch ba, ya kuma zo da nasa kurakuran da aka yafe masa saboda an sayar da shi a matsayin aikin da ba a gama ba, a rabin farashi. Sabuntarsa ma ta haɗe-haɗe ce: ginin sansani da neman abinci daga wasanni irin su ARK, hawan dutse da saukar lema irin na Zelda, kamun dodo irin na Arceus. Haɗin ya yi daɗi, wannan ma gwaninta ce. Abin da ya tabbatar shi ne akwai miliyoyin manya da ke ƙishin ganin dodanninsu suna rayuwa tare da su a fili, suna aiki, suna bin su, ba a kulle cikin ƙwallo ba. Bayan ƴan makonni yawan masu buga shi ya zube sosai, kamar yadda irin waɗannan wasanni suka saba.

An yi zaton idan ƙara za ta zo, a kan kamannin dodanni za ta zo, domin a nan aka fi zargin kwaikwayo. Da Nintendo da The Pokémon Company suka shigar da ƙara a kotun gundumar Tokiyo ranar 18 ga Satumba, 2024, sai ta kasance a kan haƙƙin mallakar dabara. Pocketpair ya bayyana cewa takardu uku ne ake magana a kai, masu alaƙa da jifan halitta da abin kamu a fili da kuma hawanta, diyyar da ake nema kuma yen miliyan 5 ce ga kowane mai ƙara, kuɗin da bai taka kara ya karya ba, tare da neman a dakatar da wasan. Daga baya Pocketpair ya cire kiran dodo ta hanyar jefa ƙwallo, ya kuma sauya yadda ake shawagi da dodanni. Wannan ya fi bishiyar Galar muhimmanci ga makomar fannin. Kare zanen Pikachu haƙƙi ne da ba mai musu a kai. Killace dabarar wasa kuwa wani abu ne dabam, ganin cewa shi kansa Pokémon a kan dabarun da Megami Tensei da Dragon Quest suka riga shi ya ɗora gininsa.

Sauran masu hamayya sun gwada kusan duk abin da masoya ke cewa suna so. Temtem, na kamfanin Crema da ke Madrid, ya fito a 2020 da hoto mai tsabta, duniya ɗaya da dubban mutane ke ciki ta intanet, faɗa mai wuya wanda aka cire wa sa'a, amma a 2024 kamfanin ya sanar da daina yi masa manyan ƙare-ƙare. Cassette Beasts na 2023, aikin wani ƙaramin ɗaki a Ingila, ya koma zanen ɗige-ɗige da gangan, ya bar kowane dodo biyu daga cikin 120 su narke su zama ɗaya, ya sha yabo, bai kuma kusanci cinikin Pokémon ba. Yo-kai Watch na Level-5 ya taɓa zarce Pokémon a kasuwar Japan a 2014, cikin ƴan shekaru ya dusashe. Babu ɗayansu da ya gaza don rashin kyan hoto ko rashin dabara. Abin da ba su da shi shi ne uban da ya kama Charmander a 1998 yana zaune yau kusa da ɗansa yana nuna masa.

Wannan ne ya sa adadin ciniki ba ya raba gardamar, ko da yake kowane ɓangare na jawo shi. Miliyan 10 a kwana uku mutane ne da suka saya kafin su gani, wato hukunci ne a kan shekara 26 da suka gabata, ba a kan wasan da ke cikin kwali ba. Bai nuna masu saye ba su damu da inganci ba, bai kuma nuna wawaye ne ba. Ya nuna dai kamfanin na da ajiyar amana mai yawa, yana kuma iya cin ta tsawon lokaci kafin a ga gindin rumbu.

Legends: Z-A, wanda ya fito ranar 16 ga Oktoba, 2025, ya maimaita tsarin nan kusan daidai. An taƙaita shi a birni ɗaya, Lumiose, mai kama da Paris, an yar da faɗan bi-da-bi da aka riƙe tun 1996 aka koma na kai-tsaye, inda mutum da dodonsa ke zagayawa suna kauce wa hari. A kan Switch 2 yana gudu sumul. Bishiyar wannan karo ita ce tagogi da barandun gidaje, waɗanda aka manna a bango kamar hoton kalanda maimakon a gina su. Kwafi miliyan 5.8 aka saya a makon farko. A shekarar dai Game Freak ya nuna Beast of Reincarnation, wasan da ba na Pokémon ba, wanda aka tsara don PlayStation 5 da Xbox da kwamfuta, da hoton da ya sa mutane tambayar ko kamfanin nan ne kuwa. Wani abu kuma ya sauya ba tare da hayaniya ba. Shekarar 2024 ta wuce babu sabon babban wasan Pokémon, sannan jerin nan na sabon zubi duk shekara uku, 2013, 2016, 2019, 2022, ya tsinke a 2025, wadda ta ƙare ba a fitar da zubi na goma ba.